Tallafin Talakawa a Najeriya Bayan Cire Tallafin Mai: Tambayoyi da Amsoshi

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kalmar "tallafi" ba ta bar bakin mutane ba. A tasha, a gidan suna, a majalisar ƙofar gida, wani zai ce an turo wa maƙwabcinsa naira 25,000, wani kuma ya rantse ko sisi ba a taɓa gani a unguwarsu ba. Duka biyun gaskiya suke faɗa. Tambayoyin nan su ne waɗanda na fi sha daga 'yan uwa da maƙwabta da ke miƙo mini waya in duba musu ko alat ya shigo.

Wai wane tallafi ake magana? Na mai ko na kuɗi?

Mun haɗa abubuwa biyu mun ba su suna ɗaya, shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa. Tallafin mai kuɗi ne da gwamnati ke cikawa don litar fetur ta yi sauƙi ga kowa, mai mota goma da mai babur ɗaya. Tallafin talakawa kuwa kuɗi ne ko abinci da ake miƙa wa wasu gidaje da aka zaɓa. Na farko ba ya tambayar sunanka. Na biyu sai sunanka na cikin takarda, kuma duk rigimar a kan takardar nan take.

Ba yau aka fara ba. Abacha ya kafa hukumar PTF, mai yin ayyuka da rarar kuɗin mai, bayan ƙarin kuɗin mai na 1994, Buhari ya shugabance ta. Obasanjo ya kawo hukumar yaƙi da talauci ta NAPEP a 2001, wadda sunanta ya liƙe wa babur mai ƙafa uku har yau. Jonathan ya yi SURE-P, shirin ayyuka da rarar tallafin mai, a 2012. Tsarin da ake gyarawa yanzu shi ne na 2016: N-Power mai ɗaukar matasa aikin wucin gadi, ciyar da 'yan firamare, ƙananan rance irin su TraderMoni, da kuma naira 5,000 duk wata ga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, wanda ake haɗawa a biya 10,000 duk wata biyu. A 2019 aka kafa Ma'aikatar Jin Ƙai, aka ɗauke shirye-shiryen daga ofishin mataimakin shugaban ƙasa aka mayar can.

Me ya sa gwamnati ta ce sai an yi garambawul?

Aljihu ne ya huje. A 2022 kaɗai tallafin mai ya lashe sama da naira tiriliyan 4, kuma a shekarar Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa biyan bashi ya cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wato albashi, asibiti, hanya, duk da rance ake yin su. Gwamnatin Buhari ma sai da ta tsara kasafin 2023 da kuɗin tallafin mai na wata shida kawai, zuwa ƙarshen Yuni. Duk wanda ya hau kujerar zai tarar da wannan a kan tebur.

Da aka cire, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta koma kusan 500 cikin 'yan kwanaki, ta wuce 600 a Yuli, ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Aka kuma saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Masu buƙatar tallafi suka ƙaru a daidai lokacin da gwamnati ke cewa ba ta da abin bayarwa da yawa. Idan abinci kaɗan ne baƙi da yawa, dole a fara maganar wa zai ci, kuma wannan maganar ce ake kira sharuɗɗan cancanta.

To kuɗin da aka daina kashewa a kan mai, ina suka shiga?

Wani kaso ya shiga rabon wata-wata da ake yi tsakanin tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi, kuma kason jihohi ya ƙaru sosai in dai a naira ake lissafi. Wani kason kuma faɗuwar naira ce ta haɗiye shi, domin bashin da aka ci da dala yanzu sai an ninka nairar kafin a biya. A kasafin 2025 na kusan tiriliyan 55, sama da tiriliyan 14 na biyan bashi ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba: kuɗin da ake tura wa gidaje ba daga rarar man suka fito ba. Rance ne na dala miliyan 800 daga Bankin Duniya, wanda aka amince da shi tun Disamban 2021. Shirin naira 5,000 na zamanin Buhari ma da rancen dala miliyan 500 aka kafa shi, aka ƙara da kimanin dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. A ganina nan ne raunin tsarin. Tallafin da ba shi da tabbataccen gurbi a kasafin ƙasa, ranar da rancen ya ƙare shi ma ya ƙare.

Nawa ake bayarwa?

Da farko, a Yulin 2023, an ce naira 8,000 duk wata ga gidaje miliyan 12 na tsawon wata shida. Surutu ya yi yawa, shugaban ƙasa ya ce a sake duba. A Oktoban 2023 aka sanar da sabon tsari: naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, wato 75,000 ga kowane gida, shi ke nan.

Ka ɗan yi lissafi da kanka. Gidaje miliyan 15 sau 75,000 ya kama tiriliyan 1 da ɗan ɗori, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tallafin mai ya ci a 2022. Gida mai mutum takwas, wanda a wajenmu ba babban gida ba ne, 25,000 a wata ta kama kusan naira 100 ga kowane kai a rana. Akwai kuma wani abin mamaki. Naira 5,000 ta 2017, lokacin da dala ke 305 a farashin gwamnati, ta kai dala 16. Naira 25,000 a lokacin da dala ke 1,500 ita ma dala 16 ce da 'yan kai. Lambar ta ninka sau biyar, mudun da za ta auna bai ƙaru ba.

Wa ya cancanta, kuma yaya ake shiga rijistar?

Akwai kundin da ake kira Rijistar Masu Ƙaramin Ƙarfi ta Ƙasa, ofishin NASSCO a Abuja ke riƙe da ita, amma jihohi ne ke tattara sunayen. A takarda tsarin mataki uku ne. A fara zaɓar ƙananan hukumomi da garuruwan da talauci ya fi yi wa katutu. Sai a tara mutanen gari, maza daban, mata daban, matasa daban, a tambaye su: a garinku wane ne talaka? Su faɗi alamomin, su lissafa gidajen, a haɗa jerin a karanta a bainar jama'a. Daga nan ma'aikata su bi gida-gida da na'ura suna tambayoyi: rufin ɗakin kwano ne ko ciyawa, ina ake ɗebo ruwa, yara nawa ke makaranta, akwai dabbobi, akwai babur. Kwamfuta ta ba kowane gida maki, a jera daga mafi talauci.

Abin lura, ba a tambayar nawa kake samu a wata, don manomi ko mai tallan ƙosai ba shi da takardar albashi. Ana kallon kayan gidanka ne a kintata. Kintace kuwa yana kuskure. Mutum zai gaji gidan bulo daga mahaifinsa, ga kwano a sama, amma tukunya ba ta hau murhu ba tun jiya. Wani kuma ɗakinsa na ƙasa ne, shanunsa hamsin suna daji wurin makiyayi. Na'ura za ta fifita na biyun.

Sai kuma shiga rijista daban, samun kuɗi daban. Rijistar rumbu ce da kowane shiri ke ɗiba daga ciki gwargwadon kuɗin da yake da su. Sunanka na iya shekara biyar a ciki ba a kai kanka ba.

An ce gwamnoni sun yi watsi da rijistar. Gaskiya ne?

A taron Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa na Yulin 2023, gwamnoni sun ce rijistar da aka gada ba abar dogaro ba ce, kowace jiha ta haɗa tata. Gwamnan Anambra, Charles Soludo, na cikin waɗanda suka yi wa manema labarai bayani.

Suna da hujja. An rubuta sunaye da yawa tun shekaru, wasu sun rasu, wasu 'yan bindiga sun tashe su daga ƙauyukansu na Zamfara, Katsina da Sakkwato, wasu kuma da ba sa cikin talakawa a 2018 yanzu su ne a gaba. Amma ni ban sayi maganar duka ba. Ma'aikatan jihohin ne da ma suka tattara sunayen. Kuma duk wanda ya ga yadda ake rabon taki ko buhun shinkafa ta hannun kansila da shugaban jam'iyya na mazaɓa ya san me "jerin gwamna" ke nufi. Wanda ke riƙe da biro shi ke riƙe da ƙuri'a.

Me ya kawo maganar NIN da BVN?

Wannan shi ne babban sauyin da aka yi wa sharuɗɗan. A da, ana zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma ko filin makaranta, mata su yi layi da katinsu, a ƙirga musu kuɗi a hannu. Yanzu sai an tantance sunan da lambar zama ɗan ƙasa (NIN) ko ta banki (BVN), sannan a tura kuɗin kai tsaye asusun banki ko na waya. Dalilin a bayyane yake: sunan bogi ba shi da yatsan da zai dangwala.

Matsalar ita ce su wa wannan rariyar ke tarewa. Binciken ƙungiyar EFInA mai nazarin hulɗar jama'a da bankuna na 2023 ya nuna kusan rabin manyan mutane a Arewa maso Yamma ba sa hulɗa da kowace irin hanyar ajiya ko tura kuɗi, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsu. Alhali a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, cikin mutum miliyan 133 da ke fama da talauci ta fuskoki da yawa, miliyan 86 a Arewa suke. Sakkwato ce a gaba da kashi 91. Wato inda talaucin ya fi yawa, nan takardun suka fi ƙaranci.

Na raka wata gwaggona, wadda mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu, don a gyara mata. A rijista an rubuta ta Kulu, sunan da duk gari ya san ta da shi. A katin zama ɗan ƙasa Hauwa'u ce. A banki, inda ɗanta ya buɗe mata asusu, an rubuta Hauwa ba wasalin ƙarshe, aka kuma sa sunan mijinta a maimakon na mahaifinta. Shekarar haihuwa iri biyu, don kowane ma'aikaci ya kalli fuskarta ne ya yanka mata shekara. Layin wayar kuwa da sunan ɗan aka yi masa rijista. Kwamfuta ta ga mutum huɗu. Muka je ofishin sau uku, kowane zuwa kuɗin mota, ranar farko ba sabis, rana ta biyu wanda ke yi bai zo ba. A hanyar dawowa ta ce mini, "Ɗan nan, ni fa tun da aka haife ni Kulu nake, yau kuma sai na kawo shaida?" Ban sami amsar ba ta ba.

Duk Bahaushe ya san Indo A'isha ce, Binta Fatima ce, Garba Abubakar ne, Ɗanjuma ranar haihuwarsa ce ta bi shi. Na'urar ba ta sani ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa biyan ya yi tafiyar hawainiya: a tsakiyar 2025 Bankin Duniya ya ce gidajen da suka samu ko da biya ɗaya ba su kai rabin adadin da aka yi alkawari ba.

Amma ai gara a tsaurara, tunda an yi ta sata?

Ba na musun wannan. A Janairun 2024 an dakatar da shugabar hukumar NSIPA mai kula da shirye-shiryen tallafin, Halima Shehu, sannan aka dakatar da Ministar Jin Ƙai, Betta Edu, bayan fitowar wata takarda da ke neman a tura naira miliyan 585 asusun wani mutum. Hukumar EFCC ta shiga bincike, shugaban ƙasa ya tsayar da shirye-shiryen gaba ɗaya, ya kafa kwamiti ƙarƙashin Ministan Kuɗi Wale Edun.

Sai dai ka duba inda zargin ya faɗa da inda hukuncin ya sauka. A ofisoshin Abuja aka yi zargin, amma tsohuwar ƙauye ce aka ce ta kawo ƙarin takardu, kuma ita ce ta zauna watanni ba biya a tsakiyar tsadar da ta fito da mutane zanga-zanga a Agustan 2024. Tantancewa abu ne mai kyau idan gwamnati ce za ta ɗauki na'urar ta bi mutane ƙauyukansu. Idan talaka ne zai biya kuɗin mota ya bi na'urar, to an mayar da cancanta ta wanda ke da kuɗin mota.

Me zai hana a ba kowa, a huta da rigimar suna?

Kuɗin. Ka ɗauki mutum miliyan 133 ɗin nan kaɗai, ka ba kowa naira 5,000 a wata. Shekara ɗaya ta kama kusan tiriliyan 8, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na kasafin 2024 baki ɗaya, wanda ya kai tiriliyan 28.7. Iran ta gwada ba kusan kowa a ƙarshen 2010 lokacin da ta rage tallafin makamashi, hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin cikin 'yan shekaru.

Akwai hanya ta tsakiya da na fi karkata gare ta: a zaɓi rukunin da ido ke gani, ba sai an kintata ba. Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 duk wata tun 2007 a zamanin Sule Lamido. Ekiti ta biya tsofaffi 5,000 daga 2011. Makaho ko tsoho ɗan shekara saba'in ba ya buƙatar kwamfuta ta ba shi maki, kuma da wuya kansila ya sa ƙaninsa mai jini a jika a layin ba a gane ba.

Shinkafa ta fi ko kuɗi?

A Agustan 2023 an ware wa kowace jiha naira biliyan 5 da tireloli na shinkafa, wani kaso kyauta, wani kaso bashi. Wasu unguwanni sun ga mudu ɗaya ana raba wa gidaje. Mun kuma ga rumbunan kayan korona da aka fasa a Oktoban 2020, da turmutsitsin da ya ci rayuka a wuraren rabon abinci a 2024. Buhu sai an saya, an yi dako, an ajiye, kuma a kowace tasha yana ramewa. Kuɗi sun fi, in dai sun isa hannun mai su. Inda babu kasuwa ko hanya, kamar sansanonin 'yan gudun hijira, abincin ne dole.

Ko kuɗin ma suna da nasu ɓeran. Na tsaya a gaban wani mai POS ina kallo yana cire wa wata mata tallafinta. Ta miƙa kati, ta faɗi lambar sirri da ƙarfi, ya zare 1,000 ya ce kuɗin caji ne, ta yi godiya ta ƙulle sauran a bakin zane.

N-Power da ciyar da ɗalibai fa?

Dakatarwar Janairun 2024 ta haɗa da su. 'Yan N-Power, waɗanda ake ba masu digiri a cikinsu naira 30,000 a wata, sun daɗe suna kukan bashin alawus. Hankalin gwamnati ya fi komawa kan rancen ɗalibai na NELFUND da aka fara a 2024, wanda shi bashi ne, kuma sai wanda ya kai babbar makaranta.

Ba a ganin tallafi na sa mutane zaman kashe wando?

Da naira 100 a rana? Mafi ƙarancin albashi tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, masu karɓarsa ma kuka suke. Ba wanda zai ajiye fartanya don 25,000 da ba a san ranar zuwanta ba. Matan da na sani da suka karɓi 10,000 ta da, wasu zubin adashe suka yi, wasu suka sayi akuya, wasu suka ƙara jarin ƙuli-ƙuli. Abin da ya ba su damar haka shi ne sun san bayan wata biyu wata za ta zo. Mai kanti ma zai ba ka bashi idan ya san ranar biyanka. Birazil ta riƙe shirinta na Bolsa Família tun 2003 ne da biya kan lokaci da rijistar da ake sabuntawa. Namu biya uku ne, tsakanin na farko da na biyu sai ka manta da zancen.

An turo mini saƙo a WhatsApp in latsa in cike fom. In yi?

Kada ka yi. Ba a shiga rijistar ta hanyar saƙon da aka ce ka tura wa mutum goma, kuma ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambobin da banki ya turo maka a waya, ɓarawo ne, ko da ya ce daga Abuja yake.

Sunana ba ya ciki. Me zan yi?

Fara da abin da ke hannunka. Ka yi NIN, matarka ta yi, mahaifiyarka ta yi. Ka ajiye katin zama ɗan ƙasa da takardar banki gefe da gefe, ka duba harafi bayan harafi: suna, sunan mahaifi, ranar haihuwa. In akwai bambanci a gyara tun kafin a zo rabo. Layin waya ya kasance da sunan mai asusun, kuma kada a bari ya mutu, don a kansa saƙon zai shigo.

Daga nan ka tambayi mai unguwa ko dagaci ko an taɓa zuwa garinku ɗaukar sunaye. Kowace jiha tana da ofishin da ke kula da rijistar, galibi a ƙarƙashin ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, kuma akwai jami'an karɓar ƙorafi a ƙananan hukumomi. Ƙorafin gari guda a rubuce, da sa hannun dagaci, ya fi na mutum ɗaya saurin samun kunne. Idan tsohuwa ce za ta cire kuɗi, wani amintacce ya raka ta, ya karanta mata adadin da ya shigo kafin ta miƙa kati, a kuma yi cinikin cajin tun ba a latsa ba.